Mujiya a Ƙarƙashin Farin Yadi

Akwai ranar da ba zan manta da ita ba ko da na so, domin mutanen Sahuda ba su da niyyar bari in manta. Ita ce ranar da na je gaida Bappan matata, lokacin da nake neman aurenta. Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta labarin nan, saboda duk wanda na ba shi da baki sai ya katse ni ya ce, "To kai me ya hana ka cire rigar tun farko?" Tambaya ce mai kyau. Zan yi ƙoƙarin amsa ta, kodayake ban tabbata amsar za ta gamsar da kowa ba.

Bari in fara da rigar. Tun ina aji biyu a jami'a na kamu da son wani katun na ƙasar Japan, irin wanda ake turawa daga waya zuwa waya, da fassara a ƙasan hoto. Labarin wata mujiya ce da aka ɗauka aikin gadin ƙofar wani gari. Mutanen garin ba sa ƙaunarta, yara na jifanta, ita kuma tana tsoron komai, har inuwarta. Sai ta rufe ƙofa, ta yi taku uku, ta dawo ta sake dubawa. Amma duk tsoronta ba ta taɓa barin bakin aikinta ba. Ranar da na fara kallo na ji kamar wani ya leƙa cikina ya zana abin da ya gani (ni ne fa mutumin da ke komawa daga bakin titi don ya tabbatar ya kashe risho, alhali ranar bai kunna ba).

Ba mu da yawa masu kallonsa a Mubi, amma mun san juna. Ɗaya daga cikinmu shi ne Vandi, abokina ɗan Michika, wanda ke da shagon buga rubutu da hoto a jikin riguna a unguwar Lokuwa. Shi ya buga mana rigunan. Tawa fara ce sol, mai gajeren hannu, a ƙirjinta ga mujiyar baƙa wuluk, da idanu biyu rawaya, kowanne ya kai bakin kofin shayi. Vandi ba ya rowar fenti. Yakan ce, "Aikina ba ya goguwa, ko ka wanke shi shekara goma." Gaskiya ya faɗa, kuma na so a ce ƙarya ce.

Wanda bai taɓa sa irin rigar nan ba zai ga abin kamar wasan yara. Wataƙila ma wasan yaran ne. Amma ga mutum irina, wanda fara magana da baƙo ke yi masa wuya, rigar tana yi mini sallama kafin in buɗe baki. Ka sa ta ka shiga keke, mutum ɗari za su wuce ba su kula ba, sai can wani ya kalli ƙirjinka ya yi murmushi, shi ke nan kun zama 'yan uwa. Haka ma na haɗu da Dija. Ta zo shagon Vandi karɓar rigunan 'yan ajinsu, ina zaune a benci, ta dubi rigata ta ce, "An rufe ƙofa?" Gaisuwarmu ke nan mu masu kallon katun ɗin. Na ce, "An rufe, amma bari in sake dubawa." Ta yi dariya. In da babu rigar nan, ina jin har yau ina kan bencin ina shirya yadda zan ce mata sannu.

Bayan shekara ɗaya da wani abu, na samu aikin koyar da lissafi a wata makaranta a Lokuwa, magana ta kai gaban mahaifinta. Mutum ne mai sauƙin kai. Ya saurare ni, ya ce shi ba shi da ta cewa, akwai yayansa a ƙauyen Sahuda, Bappa Sali, shi ke ba da auren duk 'ya'yan gidan. "Ka je ka gaishe shi," ya ce. "In ya ce a turo manya, a turo. In bai ce ba, to, ka yi haƙuri." Dija ta ƙara mini da cewa Bappa ya taɓa sallamar wani manemin yayarta saboda ya ɗaga waya ana cikin gaisuwa. Ta faɗa ne don in shirya.

Na shirya iya shiri. Na kai wa tela farin yadi marar nauyi, saboda bazara ce, zafin Mubi kuma ba sai na ba ku labari ba. Na sayi hula. Na sayi goro da sukari. Na rubuta tambayoyin da nake zaton Bappa zai yi mini, na rubuta amsoshinsu, na haddace (har da yawan buhun gyaɗar da gonar kakana ke bayarwa, gonar da rabona da ita tun ina firamare). Na roƙi Vandi ya raka ni, ya ce ba matsala, ranar Asabar ce, ba coci.

Da safiyar ranar, na ɗauko singileti zan sa a ciki, sai idona ya faɗa kan rigar mujiya a rataye. Ina so in jaddada cewa ban ɗauke ta a matsayin laya ba. Na san riga ba ta kare kowa daga komai. Sai dai da ita na rubuta jarrabawar ƙarshe, da ita a ciki na je ganawar neman aiki, kuma duk lokacin da gabana ya faɗi nakan tuna akwai wata matsoraciya a ƙirjina da ba ta gudu. Na ce a raina, ai fara ce, daga wuya ba wanda zai bambanta ta da singileti. Na sa ta, na ɗora kaftani, na tsaya gaban madubi a cikin ɗakina mai duhu. Ban ga komai ba. Na sake dubawa sau biyu. Abin da ban yi ba shi ne in fita rana in duba.

Muka hau keke zuwa tasha, muka shiga mota, aka sauke mu a bakin hanya, sauran tafiyar da ƙafa ce. Akwai wani mayo, wato rafi, da ake tsallakawa kafin a kai unguwar su Bappa, a lokacin ya ƙafe sai yashi. Muna tsakiyarsa Vandi ya juyo zai yi mini magana, sai ya tsaya cak.

"Ticha," ya ce, "mujiyanka yana leƙe."

Na duba ƙirjina. Ga idanu biyu nan, ba su fito sosai ba, amma suna nan, kamar fitilun mota a cikin hazo.

"Cire shi kawai ka ba ni, in sa a leda," in ji Vandi.

Na ce ba zai yiwu ba, yadin nan shara-shara ne, in na cire Bappa zai ƙirga haƙarƙarina. Ya ce to in juya ta ciki-waje, yadda samari ke yi in za su shiga masallaci da riga mai hoto. Na ce fentinsa kamar roba yake, in ya manne a fata cikin zafin nan ƙaiƙayi zai sa ni, ni kuma ba zan zauna gaban surukai ina susa ba. Duk hujjoji ne na gaskiya. Amma hujjar da ban faɗa ba ita ce ba na son rabuwa da ita a ranar da na fi bukatarta.

Nan ne dabara ta zo mini, kuma ina tuna yadda na ji daɗin kaina. Na ce wa Vandi, "Tsaya. Gaisuwar surukai fuska da fuska ake yi. Zan durƙusa ina fuskantarsu, in zauna ina fuskantarsu, in zan tafi in fita da baya-baya, wanda ma ladabi ne. Ba wanda zai ga bayana." Na shiga bayan wani dutse, na tuɓe kaftani, na juya rigar gaba ta koma baya, na mayar. Ƙirjina ya zama fari tas. Vandi ya zagaya ni ya ce, "Daga baya ana gani kaɗan fa." Na ce ai shi ya sa zai riƙa tafiya a bayana. Ya girgiza kai ya ce, "Ku masu lissafi."

Mun iske Bappa Sali a ƙofar gida, a kan buzu, da wasu dattawa biyar ko shida a inuwar wata rumfa. Dogo ne siriri, farin gemu, ba ya saurin magana. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa, na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Bappa ya ce, "Jabbama, sannunku da hanya." Ya tambayi sunan mahaifina, da na kakana, da aikin da nake yi, da ko na iya riƙe fartanya. Na amsa duka, wasu ma yadda na haddace su. Aka kawo kunun gyaɗa mai zafi. Na kurɓi kaɗan saboda kunya, Vandi ya shanye nasa ya jawo nawa. Na zauna na jingina bayana da katanga, har na fara jin cewa wataƙila, wataƙila dai, abin zai wuce lafiya.

Sai wani daga cikin dattawan, Baba Njidda, maƙwabcin Bappa kuma abokinsa tun ƙuruciya, ya dubi inuwa ya ce azahar ta yi.

Ban manta da sallah ba a lissafina. Na tsara cewa zan tsaya a ƙarshen sahun baya, inda ba kowa a bayana sai katanga. Na ɗauki buta na tafi alwala ina tafiya a karkace kamar ƙaguwa, Vandi na kare ni. Masallacin nasu ɗan ƙarami ne a gefen gidan, rumfar kwano da ginin da bai wuce ƙugu ba. Vandi ya koma gindin wata bishiya ya zauna yana kallonmu. Na lallaɓa na tsaya inda na tsara.

Abin da ban sani ba, limaminsu ya tafi ta'aziyya Mugulbu tun safe. Dattawa suka fara abin da aka saba, wannan ya ce wa wancan bismillah, wancan ya ce a'a, kai dai bismillah. Bappa Sali ya juyo, ya neme ni da ido har ya gano ni a lungu.

"Baƙonmu," ya ce. "Wuce gaba."

Na ce, "Bappa, ai akwai manya."

"Manya ne suka ce ka wuce."

Na ce, "Bappa, karatuna bai kai ba."

"Azahar ce, a ɓoye ake karantawa. Ba wanda zai ji."

Dattawa suka yi 'yar dariya, suka buɗe mini hanya. Na san wannan karramawa ce, na kuma san jarrabawa ce, ƙin ta a karo na uku rashin kunya ne. Na so in ce a ba ni minti ɗaya in zagaya, amma kafin in haɗa jimlar a kaina Baba Njidda ya fara iƙama. Na taka na wuce gaba, na fuskanci alƙibla. Wato na juya wa dattawan Sahuda gaba ɗaya baya, abu ɗaya tak da na yi rantsuwa ba zan yi ba.

Na lallashi kaina cewa yadin a bushe yake ta baya, kuma masu sallah ƙasa suke kallo. Na yi kabbara. To kwanon rumfar nan ya sha rana tun safe, ga kunu mai zafi, ga tsoro. Ban gama Fatiha ba na ji gumi ya tsinke daga wuyana yana bin tsakiyar bayana. Da na yi ruku'u sai na ji yadin ya manne a jikina ɗaf, kamar an shafa masa ruwa. Duk wanda ya taɓa wanke farin yadi ya san abin da yake zama in ya jiƙe.

Ni kuma, don kada a ce yaron nan yana gaggawa a sallah, sai na tsawaita ruku'un.

A raka'a ta biyu na ji wani ya yi tari. Sai wani ya yi gyaran murya. Da na miƙe zuwa ta uku, murya ta fito daga bayana daidai, a tsorace: "Subhanallah!" Ai kuwa sai na ɗauka na yi kuskure ne ake tuna mini. Na shiga ƙirga raka'o'i a kaina, biyu ne ko uku, na yi zaman tahiya ko ban yi ba, gumi ya ƙaru, abin da ke bayana kuma (kamar yadda aka ba ni labari daga baya) ya ƙara buɗe ido. Na kammala dai yadda na iya. Bayan sallama na ƙara sujada biyu, ko da akwai kuskuren da ban gano ba. Bayin Allah suka bi ni, suka sake kallon abin da suka riga suka ƙoshi da kallo.

Na juyo. Ba wanda ya ɗaga hannu don addu'a. Dattawan duka suna kallona. Can gindin bishiya na hango Vandi ya cusa hularsa a baki, kafaɗunsa na rawa.

Baba Njidda ne ya fara magana. "Yaro," ya ce, "mene ne a bayanka?"

Na ce, "Na'am, Baba?"

"Na ɗago daga ruku'u na ga ido biyu suna kallona. Na rufe idona, na nemi tsari, na buɗe, suna nan. Na ce ko jinina ne ya hau. Sai na ga Sali ma ya ƙura musu ido."

Wani dattijo ya ce, "Mujiya ce. Na ga bakin."

"Mujiya a masallaci!"

Nan take magana ta rabu biyu. Wasu na cewa sallar ba ta yi ba, sai an sake. Wasu na cewa ta yi, abin ƙi ne kawai. Wani daga gefe, wanda ɗansa ke karatu a birni, ya sassauta murya ya ce shi fa ya ji ana cewa yaran manyan makarantu suna shiga ƙungiyoyin asiri, kowace da tambarinta, kuma a ɓoye suke sawa ƙarƙashin tufafi. Nan na gane maganar ta wuce ta riga. Ba mai ba ɗan ƙungiyar asiri 'yarsa, kuma irin wannan suna in ya manne wa mutum ba ya fita.

Bappa Sali ya bari kowa ya gama. Sannan ya ce in juya. Na juya. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce in juyo.

"Irin rigunan nan sun cika kasuwa," ya ce a hankali. "Ko a gwanjo ka saya, ba ka lura da abin da ke jiki ba?"

Ga ƙofa an buɗe mini. Vandi ya riga ya matso bakin ginin, yana gyaɗa mini kai da ƙarfi, har da ido, wai in ce e. Kuma wallahi na so in ce e. Kalmar ta zo har bakina. Amma sai na fara lissafin abin da zai biyo baya: zai tambayi wurin wa na saya, sai in ƙirƙiro mai gwanjo, Dija ta san rigar, ƙannenta sun san ta, wata rana magana za ta dawo Sahuda, ga shi ko minti biyar ban yi da sallame sallah ba. Kada wani ya ce jarumta ce. Tsoro biyu ne suka haɗu, na ƙarya ya fi na Bappa nauyi da kaɗan.

Na ce, "A'a, Bappa. Ni na sa aka buga mini. Wancan abokin nawa ne ya buga."

Vandi ya daina gyaɗa kai.

"Don me?"

Na ce, "Wani wasa ne na zane da ake kallo a waya. Kamar tatsuniya. Ina ganin... wato ba ƙungiya ba ce, Bappa, kodayake muna da 'yan kaɗan da muke kallo tare, amma ba irin waccan ƙungiyar ba." (Ku lura da yadda nake ƙara haƙa wa kaina rami.) Da na ga fuskokinsu, sai na bar kare kaina na shiga ba da labarin kawai. Ni, mai digiri, durƙushe a masallaci cikin jiƙaƙƙen kaftani, ina gaya wa dattawa masu jikoki labarin mujiya mai gadi: yadda garin ba sa son ta, yadda take rawar jiki in ta ji motsi, yadda take rufe ƙofa ta dawo ta sake dubawa.

Baba Njidda ya ce, "To in ɓarayi suka zo fa?"

Na ce, "Tana kuka, Baba, amma tana tsayawa."

"Ikon Allah. Kai kuma me ya haɗa ka da ita?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ni ma matsoraci ne, Baba. Yau ɗin nan na ji tsoron zuwa, shi ya sa na sa ta."

Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari. Bappa bai yi ba. Ya ce, "Wuyan rigar nan na ga ya hau maƙogwaronka. Gabanta ne a baya?"

Na ce, "E, Bappa. Na juya ta a mayo."

"Don me?"

"Don kada ku gani."

"To mun gani," ya ce. "Raka'a huɗu, har da ƙari."

Sannan ya dubi sauran ya ce shi ba malami ba ne, ba zai ce sallar kowa ta ɓaci ba, amma shi dai ya san hankalinsa bai kasance a cikin tasa ba, don haka zai sake. Ya ce in zagaya bayan zaure in cire. Na je na cire, na miƙa wa Vandi, na dawo. Baba Njidda ya ja sallar, ni kuma na tsaya a ƙarshen sahun baya, wurin da na nema tun farko, cikin yadin da ya jiƙe ya zama kamar ledar ruwa, ba komai a ƙarƙashinsa sai ni. Haƙarƙarin da na ɓoye a mayo, kowa ya samu damar ƙirgawa.

Da muka yi sallama Bappa ya karɓi goro ya sa albarka, ya ce in gaida mutanen gida. Bai ce a turo ba, bai ce kada a turo ba. A hanya Vandi ya riƙe dariyarsa har muka tsallake mayo, daga nan ya zauna a kan yashi ya sake ta. "Ticha, ka ga aikina? Daga gindin bishiya ina ganin idon nan kamar an kunna shi! Amma me ya sa ka nuna ni? Ni da na zo rakiya?" Ina ta tsara yadda zan gaya wa Dija cewa na rasa ta saboda mujiya.

Ban iya gaya mata ba, ashe ma ba sai na gaya mata ba, labari ya riga ni isa gari. Kwana huɗu ina koyar da lissafi ban san abin da nake rubutawa a allo ba. A rana ta biyar, lokacin da ɗalibai suka fita tara, wayata ta yi ƙara.

"Liman," in ji Dija, "an tashi lafiya?"

Na ce, "Dija, don Allah."

"Bappa ya aiko. Ya ce ku turo manya."

Na nemi kujera na zauna. Na ce ta maimaita, ta maimaita. Na ce ta tabbata ni yake nufi? Ta ce saƙon ya ce "yaron nan mai tsuntsu," ita dai ba ta san wani ba. Ta ce ya gaya wa mahaifinta cewa yaron ba shi da dabara ko kaɗan, amma ya miƙa masa ƙarya a hannu bai karɓa ba, kuma mutumin da ba ya iya ƙarya ko don ya ceci kansa, zama da shi ba zai yi wuya ba. Sannan ta ƙara da cewa, "Da ka ce gwanjo ce, da ni ce zan fasa, ba Bappa ba." Har yau ban san ko wasa take yi ba, kuma ban ga amfanin bincikawa ba.

Yanzu shekararmu biyu da aure, muna zaune lafiya a Lokuwa. Ina sa rigata ranar Asabar, a fili, mujiya a ƙirji inda aka buga ta, in je kasuwa in dawo. In za mu Sahuda kuwa singileti nake sawa, fari, marar ko ɗigo. Ba a sake tura ni gaba a masallacin nan ba, kuma ban yi ƙorafi ba. Baba Njidda, Allah Ya ƙara masa lafiya, duk ranar da na je sai ya taso da sandarsa ya zagaya ta bayana ya duba, sannan ya dawo ya amsa gaisuwata.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma ga shi. In kana son abu, ko dai ka sa shi inda kowa zai gani, ko ka bar shi a gida. Ɓoyewar tsaka-tsaki ita ce mai kai mutum gaban sahu. In kuma za ka je gidan surukai, bayan ka gama duba gabanka a madubi, ka samu wani mai gaskiya ya duba maka bayanka, a rana, kuma in ya ce ana gani kaɗan, ka yarda da shi.